Gidan da Ba Ƙofa

Kwana goma sha ɗaya ina Samaru,
ɗaki ɗaya, fanka mai tari, shayi ya huce,
ina gina wa Kawu Barau rumfa,
rumfar da ba jinka, ba daɓe,
wadda za ta zauna cikin wayar mutane,
a ga rigunansa daga Legas ba a tako Kwarbai ba.

Na zuba mata ado har ya yi ambaliya:
hotuna na shawagi, wannan na korar wancan,
rubutu siriri, ruwan toka bisa fari,
kiɗa na tashi da zarar an buɗe,
sunana can ƙasa da harufan zinare.
Na ce Zazzau ba ta taɓa ganin irinta ba.

Kwangila ta riƙe motarmu awa guda,
sai la'asar na shiga ta Ƙofar Doka.
Kawu na kan tabarma, allura a leɓe,
aska takwas na tsirowa a ƙirjin shadda.
Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kai wa Goggonka.
In ta iya, kowa ya iya.
Kai kuma ka yi gum, kamar ba ka zo ba."

Goggo Lantana ta goge hannu a zane.
Gilashin wayarta ya tsage gida uku.
Ta danna. Wani zobe ya hau juyi,
ya juya, ya juya, har miya ta tafaso,
har saƙo ya faɗo, data ta kusa ƙarewa,
hoton farko bai gama sauka ba.

Da ya sauka, ta kai wayar bakin hanci,
ta nisanta ta, ta sake matso da ita.
"Wannan rubutu ne ko sawun kiyashi?"
Duk harafi mai lanƙwasa ya zama akwati,
ɗinkin ƙwarai ya koma inkin warai.
Yatsanta ya tafi neman farashi,
ya faɗa kan kiɗa, kiɗa ya watsa kaji.
Harshena na ƙaiƙayi, na cije shi.
Ta ce, "Ɗan nan, gidanka ya yi kyau,
sai dai maginin bai bar ƙofa ba."

A zaure na kwana, kwamfuta bisa gwiwa,
sauro na karɓar nasa haraji.
Na ɗaga kai ina duban ginin kakanmu:
mashiga ɗaya, dakali inda ƙafa ke nema,
baƙo bai taɓa tambayar hanya ba.

Na tsige kiɗan.
Na sa hotuna azumi har suka rame,
kowanne ya yi sakayau kamar ganyen zogale.
Baƙi bisa fari, harufa manya,
irin waɗanda suka san wuyan ƙ da ƙugiyar ɗ.
Farashi a gindin kowace riga.
Maɓalli ɗaya, kore, faɗin babban yatsa,
an rubuta masa: Kira Kawu.
Sunana na zinare kuwa,
na daɗe ina kallonsa kafin in share,
kuma ba zan ce bai yi ciwo ba.

Da safe Goggo na riƙe da kofin koko,
hannu ɗaya, dannawa biyu.
Aljihun Kawu ya hau ruri,
taku uku ne tsakaninsu.
Ya ɗauka da gaske: "Wa ke magana?"
Ta ce, "Mai ciniki ce daga nesa.
Shuɗiyar nan ta yi tsada, a rage."

Na tsaya ina jiran yabo.
Ta kurɓi koko, ta miƙo min tafin hannu:
"Datata da ka cinye jiya,
har yanzu ba ka biya ba."